Tambaya da Amsa: Tsuntsaye da Namun Daji a Sanyin Ƙarshen Kaka

Tun da hunturu ya buso, yawancin wasiƙun da ke iso wa wannan fili a kan tsuntsaye ne da namun daji. Wasu sun ɓace daga gari, wasu baƙi sun bayyana a bakin ruwa, wasu kuma an gan su a takure ana zaton ciwo ne. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shamuwar da ke sheƙa bisa tsamiyar ƙofar gidanmu ta tashi tun ba a gama ɗaurin gero ba. Sanyi take gudu? Shekaranjiya kuma na ga waɗansu manyan tsuntsaye farare, baki da ƙafa ja, suna kiwo cikin gonakin da aka girbe. Ko su ne suka sake kama?
Wani manomi daga Tibiri

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Shamuwa damina take bi. Abincinta fara ce da tsutsa da ƙananan kwaɗi, kuma duk ruwan sama ke fito da su. Tana isowa a Afrilu ko Mayu, ta yi ƙwai biyu ko uku, ta yaye ƴaƴanta cikin damina. Da ciyawa ta fara bushewa sai su taru garke-garke su yi kudu, har ƙasashen Tanzaniya, Zambiya, Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda ruwa ke sauka daidai lokacin da namu ya ɗauke. Ka lura tana tashi tun ana gumin kaka, babu ko alamar ɗari. A bar mata sheƙarta, kada a sare reshen, don sau da yawa wurin da ta saba take dawowa.

Waɗanda ka gani danginta ne, farar shamuwa ta Turai. Tamu baƙa ce mai farin ciki, tsayinta wajen santimita 75. Baƙuwar fara ce fat, sai dogayen gashin fiffike baƙi, kuma ta kai mita 1 ko ta ɗara. A Sifen, Faransa, Jamus da Folan take sheƙa bisa rufin gidaje, ta baro can tun Agusta ana tsakiyar zafinsu, kafin ƙwari su ƙare. Abin da ke nuna cewa maganar ta ciki ce: a Sifen da yawansu sun daina tafiya, suna cinye lokacin sanyi a manyan jujin birane.

Ba ta cika kaɗa fiffike ba, iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa ke ɗaga ta, shi ya sa ba ta ratsa teku mai faɗi sai ta matsattsen mashigi irin na Jibralta, tsakanin Sifen da Maroko, mai faɗin kilomita 14. Wannan hali zai taimake ka. Ranar da aka tashi da sanyi da hazo, tana tsaye cikin gona har wajen ƙarfe 10, sai ƙasa ta yi ɗumi ta tashi tana kewayawa sama. A hana yara jifarta, fara take rage muku.

Tambaya: Ina son in fara kallon tsuntsaye da rubuta abin da na gani. Ina zan je kusa da Maradi, da wane lokaci, kuma mi zan yi tsammanin gani a wanga wata?
Wata ɗaliba daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo

Amsa: Ƴata, fara da bakin ruwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙananan tabkuna na ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, tsuntsaye na matsowa inda ruwa ya rage, har ki ga a wuri guda abin da da damina sai kin yi yawon mako. Mafi kusa shi ne tabkin Madarumfa, kimanin kilomita 25 kudu da Maradi, wanda ya shiga jerin dausayoyin da yarjejeniyar duniya ta Ramsar ke karewa a 2019. Akwai kuma Kurfin Kura, da kududdufan da Gulbin Maradi ke bari bayan ya daina gudu.

Rana na fitowa wajen ƙarfe 7 saura kwata yanzu, to ki riga ta zuwa. Awa biyu na farko su ne masu albarka: iska ba ta tashi ba, ƙura na kwance, agwagin da suka kwana kiwo suna dawowa. Daga ƙarfe 10 iskar arewa maso gabas kan yi ƙarfi, hazo ya rufe ɗaya gaɓar, sai kuma bayan la'asar. Da safe ki tsaya gaɓar gabas, rana a bayanki, da yamma ki koma gaɓar yamma. Nan masu farawa suka fi faɗuwa, domin wanda ya fuskanci rana ba ya ganin launi, duk tsuntsu baƙi ne a idonsa. Sa tufa mai ruwan ƙasa ko toka, wadda iska ba ta kaɗawa da yawa. Nemi gindin itace ki zauna, ki yi minti 15 ba motsi. In za ki matsa, ki bar kamar mita 100 tsakaninki da garke. Da kin ga sun daina kiwo sun miƙe wuya, kin kai iyaka. Duk tashin da aka tilasta musu, kitsen da za su koma gida da shi ne suke ƙonawa.

Ki fara sanin ƴan gida, su ne ma'auni. Kirinjijiya farar fuska gare ta, tana tsayawa a miƙe bisa dogayen ƙafafu, tana fito sau uku a jere idan ta tashi. Dinya ta fi kowa girma, baƙa mai farin ciki da jan baki. Zalɓe yana tsaye shi kaɗai cikin ruwa, balbela na bin shanu, zakaran ƙeƙuwa na kururuwa a gaɓa yana tona asirin duk mai zuwa. Cikin bado za ki ga wani mai ruwan goro da dogayen yatsu yana tafiya bisa ganye.

Baƙin agwagi iri uku ne suka fi zuwa daga Turai da Rasha. Akwai ƴar ƙarama, wadda ba ta kai rabin kilo ba, ita ta fi yawa. A littafi za ki ga namijinta da farin zane daga saman ido zuwa ƙeya, amma kada ki neme shi yanzu: sai wajen Fabrairu yake fitowa sosai. A Nuwamba da Disamba mace da namiji duk ruwan ƙasa ne, sai sun tashi za ki ga kafaɗar fiffiken namiji toka-toka mai haske. Ta biyu mai dogon wuya ce da wutsiya mai tsini. Ta uku bakinta faffaɗa ne a ƙarshe, tana tafe tana tace ruwa da shi. A cikin taɓo kuwa akwai mai dogayen jajayen ƙafafu siraran gaske, baƙi da fari, da wani mai ruwan ƙasa da ke yawo garke-garke yana tsintar ƙwaya. A wannan na biyun namiji ya fi mace girma ƙwarai, har mutum ya rubuta su iri biyu alhali ɗaya ne. Ki riƙa ɗaga kai ma. Wani shaho mai dogayen fukafukai yana shawagi ƙasa-ƙasa bisa ciyawa, fukafukan a ɗan ɗage, namijin toka ne mai baƙin bakin fiffike. Daga gonakin alkamar Turai yake, fara yake ci a nan.

Babban garke ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya, kamar yadda mai awo ba ya ƙirga ƙwayar gero sai dai tiya. Ƙirga 10 daidai, ki riƙe faɗin wurin da suka cika a idonki, ki yi ta aza shi har 50 ko 100, sannan ki auna sauran garken da wannan. Ku yi ku biyu kowa da nasa, ku gwada. Ido yakan rage yawan garken da ya cunkushe. A littafinki, da fensir, ki sa kwanan wata, wuri, lokacin farawa da gamawa, yanayin iska da hazo, iri da adadi. Wanda ba ki gane ba, kada ki laƙa masa suna. Rubuta girmansa in an gwada da kurciya, tattabara ko zabo, da siffar baki, launin ƙafa, tsawon wutsiya, da abin da yake yi. Komawa wuri guda a lokaci guda kowane mako ya fi amfani bisa yawon wurare goma. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa a tsakiyar Janairu, a ƙasarmu ma'aikatan gandun daji ke yi. Ki je ofishinsu da littafinki ki nemi a tafi da ke.

Abu uku kada ki yi wasa da su. Ki fara gaida maigari da masunta, ki faɗi abin da ya kawo ki, kuma ki tafi da rakiya. Kada ki ɗaga madubin hangen nesa ko waya kusa da sansanin jami'an tsaro, kada kuma ki nufi dajin Baban Rafi sai hukuma ta ce hanya lafiya. Na uku, kada ki shiga ruwan da ƙafa, tsargiya na nan.

Tambaya: A kasuwa na ga madubin hangen nesa iri-iri, wani an rubuta 8x42, wani 20x50, wani ma 60x90. Ba wanda lambarsa ta fi girma ya fi kyau ba?
Wani matashi daga Sabon Gari, Maradi

Amsa: A'a, ɗan'uwa, ɗauki 8x42, ko 8x30 in kana son mara nauyi. Lambar farko kusantarwa ce: da 8, tsuntsun da ke mita 80 zai zama kamar yana mita 10. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne da milimita. Raba ta biyu da ta farko, abin da ya fita shi ne hasken da ke isa idonka. Na 8x42 ya ba da 5 da ɗan ɗori, ya isa ko da asuba cikin hazo. Na 20x50 ya ba da 2 da rabi, ga duhu, ga rawar hannu ta ninku sau 20, ga fili ƙanƙane, kafin ka samo tsuntsun ya tashi. Ƙaramin madubin da aka rubuta wa 60x90 kuwa, auna gilashinsa da kanka, ba zai kai milimita 90 ba. Guji mai jan gilashi, yana ɓata launi.

Kafin ka biya, dubi wayar lantarki ko saman katanga daga nesa, sannan ka janye madubin daga idonka kamar santimita 10. In layin ya karye, gefe ɗaya sama ɗaya ƙasa, gilasan ciki sun goce, ciwon kai kawai zai sa maka. Wajen daidaitawa, lanƙwasa shi har da'ira biyun su zama ɗaya. Rufe gilashin dama da tafin hannu, juya ƙafar tsakiya, wato ɗan abin murzawa da ke tsakanin idanun biyu, har idon hagu ya gani tar. Rufe na hagu, juya zoben da ke jikin idon dama kaɗai har shi ma ya gani tar. Daga nan ƙafar tsakiya kaɗai za ka riƙa taɓawa. In ka hango tsuntsu, kafa masa ido, ka ɗago madubin zuwa idonka ba tare da ka sunkuya ba.

Ƙurar hunturu ita ke kashe madubi a ƙasar nan. Akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, in ka goge da bakin riga ko rawani ka kankare gilashin ke nan har abada. Hure ƙurar tukuna, kaɗe da buroshi mai laushi, sannan ka shafa da tsumman tabarau mai tsabta. In ka gama, mayar da marufai, sa cikin jaka mai zif, kuma kada ka bar shi cikin mota a rana.

Tambaya: Da safe ina ganin kurciyoyi da ƙananan tsuntsaye bisa katanga sun kumbura, sun takure, ba su ko motsi. Jikokina sun ce ciwo ne. Ina tsoron kajina. Kuma ko ya dace in riƙa ba su ruwa da hatsi?
Wata uwargida daga unguwar Zariya, Maradi

Amsa: Hajiya, galibi ɗumi suke nema. Zafin jikin tsuntsu digiri 40 zuwa 42 ne, ya fi na mutum, alhali da dare yanzu Maradi kan sauka 12 zuwa 15. Idan ya tada gashinsa, iskar da ta maƙale a tsakani ita ke riƙe masa ɗumi, shi ne kumburin da kika gani. Yakan ɗage ƙafa ɗaya cikin gashin ciki, ya soka baki cikin kafaɗa, ya zaɓi gefen katangar da rana ke fara bugawa. Lokaci ne ke raba mai jin sanyi da maras lafiya. Na farko idonsa a buɗe yake, kina matsowa zai tashi, kuma kafin ƙarfe 9 ko 10 ya kwantar da gashi ya shiga kiwo. Maras lafiya har hantsi ya dubi ludayi yana nan, ido a lumshe, fiffike a sake, ko yana numfashi baki buɗe, ko wuyansa na murɗewa.

In guda ne aka tsinta ya galabaita, a sa leda a hannu a ɗauke shi, a sa cikin kwali mai ƴan huji da tsumma a ƙasa, a ajiye wuri mai duhu nesa da kaji na awa ɗaya ko biyu, sannan a buɗe a waje. Kada a ɗura masa ruwa a baki, yana bin hanyar numfashi ya shaƙe shi. In kuwa aka ga matattu uku ko fiye a wuri guda, ko kaji suka fara zubewa, wannan ya wuce maganin gida. Murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Magariya a Fabrairun 2006, kuma tana iya kama mutum. Kada a taɓa da hannu tsirara, kada a yanka a ci, kada a jefa wa kare ko a bola. A killace kaji, a wanke hannu da sabulu, a kira ma'aikatan kiwo.

Ruwa sadaka ce mai kyau, kuma a wannan lokaci sun fi bukatarsa bisa hatsi, don kiwo bai ƙare a gonaki ba. Nemi kasko mai faɗi, zuba ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 3 ko 4 ba, jefa tsakuwa biyu ko uku da za su leƙo sama don ƙananan su taka. Ɗora shi bisa abu mai tsayin mita 1, taku uku daga wani itace: kusa yadda za su tsere wa shaho, nesa yadda kyanwa ba za ta laɓe ta faɗo ba. A zubar a wanke kullum, don ƙwan sauro kan zama sauro cikin mako guda, kuma ruwan da aka bari da kashi shi ke yaɗa cuta. Bokiti da tukunya tarko ne, tsuntsu ya faɗa ba ya fita. Duro ko kwamin dabbobi da ke buɗe, a jingina sanda a ciki. Hatsi kuwa tafi ɗaya na gero ko tsakin dawa da safe ya isa, wanda za su cinye kafin azahar, saura na ɓera ne. Ban da tuwon jiya mai gishiri da mai, ban da hatsin da ya yi funfuna. Kuma kaskon da kajinki ke sha daban, can wani gefen gida.

Tambaya: Wata ƴar agwagwa ta faɗa cikin tarunmu, ga zoben ƙarfe a ƙafarta da rubutun boko. Mutane na cewa ta leƙen asiri ce. Mun sake ta. Mun yi daidai?
Wani masunci daga Madarumfa

Amsa: Kun yi daidai, Baba, Allah ya saka. Zoben ba shi da batir, ba ya ɗaukar hoto ko magana. Lamba ce kawai da sunan cibiyar da ta sa shi. Wani malamin makaranta a ƙasar Danmak ya fara wannan aiki a 1899, don a san inda tsuntsu ke zuwa da shekarun da yake yi. Abu ɗaya ya rage: da an rubuta lambar kafin a sake ta.

Nan gaba, a riƙe tsuntsun fukafukai a haɗe, a rufe kansa da tsumma ya natsu. A juya zoben a hankali a kwafe duk haruffa da lambobi, da sunan garin da ke jiki, ko a ɗauki hoto ta kowane gefe, domin lamba ɗaya ta ɓace aikin ya tashi banza. Kada a ɓamɓare shi daga mai rai, ƙafar ke karyewa. In matacce ne, a cire a miƙe shi a adana. A haɗa da kwanan wata, sunan wurin, da yadda aka same shi, a kai wa ma'aikatan gandun daji, ko wani mai waya ya shigar a shafin ring.ac na intanet. Yawanci sukan aiko da amsa: ƙasar da aka sa zoben da ranar. Wani lokaci za ku ga farar shamuwa ko shaho da ɗan akwati a baya. Wannan yana aiki da hasken rana, kuma inda tsuntsun yake kaɗai yake nunawa. Shi ma a miƙa shi ga hukuma in an tsinta.

Tambaya: Gawon gonata ya cika da ƴan mitsitsin tsuntsaye da ban saba gani da damina ba, amma dogon yaron da ke kusa babu ko ɗaya. Ina da dawa ban girbe ba. In kore su?
Wani manomi daga Gidan Rumji

Amsa: Dubi bakinsu, Malam. Mai cin ƙwaya, irin jan-baki da marai, bakinsa gajere ne mai kauri. Waɗannan siririn baki gare su, tsutsa da ƙwari suke tsinta a ganye, dawarka ba ta gabansu. Nauyin ɗayansu giram 10 zuwa 15 ne, amma sun ratso tekun Bahar Rum da Sahara mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000, yawanci da dare, da kitsen jikinsu kaɗai.

Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa, da damina yake kaɗe ganye, da kaka ya yi toho da fure. Furen ke jawo ƙwari daidai isowar baƙin. Aduwa ma tana riƙe su. Dogon yaro kuwa ɗacinsa na korar ƙwari, shi ya sa ka gan shi wayam: inuwa yake bayarwa, ba abinci ba. Bayan farin da aka yi a Sahel a 1968, masu ƙidaya a Ingila sun tarar a 1969 kusan kashi uku cikin huɗu na wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai koma ba. Muna ganin sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma cikin gona, wanda ya kankama a wannan jiha tun shekarun 1980, ya yi wa waɗannan tsuntsaye abin da babu wata doka da ta yi musu. In za ka sassabo wa dabbobi ganye, kada ka wuce kashi ɗaya cikin uku na rassan, kuma ka jira fure ya ɗaure. Gawon da aka aske tas ba ya ba da ƴaƴa a shekarar, ka rasa na tumaki ke nan.

Tambaya: Damo da bushiya da kunkuru duk sun ɓace, amma macizai sun matso gida. Ina suka shiga? Kuma yaya zan nuna wa ɗalibaina namun daji tunda da dare suke fita?
Wani malamin firamare daga Agye

Amsa: Malam, suna nan ƙarƙashin ƙafarka. Damo da kunkuru da maciji ba sa samar da ɗumin jikinsu, na waje suke ara. Da abinci ya ragu dare ya yi sanyi, damo kan shige rami ko tsohuwar suri ya zauna watanni bisa kitsen da ya tara, sai ruwan farko. Kunkuru ya yi zurfi cikin raminsa, bushiya ta dunƙule cikin tarin ganye ta rage fita, gaiwa ta naɗe kanta cikin laka. A ja kunnen yara kan haƙa su da ƙona yayi, domin dabbar da ta kwanta ba ta iya gudu.

Maciji ɗumi da ɓera suka kawo shi: tarin kara, gindin rumbu, bayan murhu, cikin takalmi. A nesanta tarin kara da itace daga ɗaki, a juya su da sanda kafin a sa hannu, a zazzage takalmi da safe, a riƙe tocila da dare. Sarar kububuwa na hana jini daskarewa, kuma mutum na iya jin sauƙi ranar farko alhali jini na zuba a ciki. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a cire zobe ko awarwaro, a garzaya asibiti.

Ga ɗalibai kuwa, a koya musu karatun sawu. Da yamma ku share yashi mai laushi, mita 1 bisa mita 1, a kan ƴar hanyar da ta nufi ruwa ko gindin magarya mai zubar da ƴaƴa. Ku dawo tsakanin ƙarfe 7 da 9, kafin iska ta shafe. A nan rana a gabanku za ta kasance, sawun tsakaninku da ita, don inuwa ta fito da shi. Zomo na barin dogayen sawu biyu a gaba, ƙanana biyu a baya, don ƙafafun baya na tsallake na gaba. Na dila ya fi na kare tsukewa, kuma layinsa miƙaƙƙe ne, kare kuwa yana ta kwana-kwana. Na yanyawa irin na dila ne amma ƙarami sosai. Na kyanwar daji kewayayye ne, babu alamar farce. Ku ajiye ashana kusa da sawun kafin ɗaukar hoto don a san girmansa. In kuna son ganin dabbar da ido, ku tafi iska na bugun fuskarku, wato ku nufi arewa maso gabas, in ba haka ba warinku zai riga ku isa.

Tambaya: Da gaske akwai raƙumin dawa a jihar Maradi?
Wani ɗan kasuwa daga Tasawa

Amsa: Akwai, Alhaji, a gandun dajin Gadabeji, arewa da Dakoro. An keɓe shi a 1955, faɗinsa hekta 76,000, kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin wuraren kare halittu a 2017. A Nuwamban 2018 aka kai raƙuman dawa 8 daga yankin Kure, kusa da Yamai, bayan kusan shekara 50 babu su a wurin. Akwai kuma barewa, jan biri, dila da tuje. Lokacin sanyi ya fi daɗin zuwa, don dabbobi na daɗewa a fili da safe. Sai da izini da ɗan rakiya daga ma'aikatan gandun, da mota mai iya yashi, da ruwan sha isasshe. Kada a kunna wuta ko a yar da guntun taba, busasshiyar ciyawa da iskar hunturu ba sa jira.

Tambaya: Muna yara ungulu ta cika mahauta. Yanzu sai in yi mako ban ga guda ba. Ita ma ƙaura take yi lokacin ɗari?
Wani mahauci daga Maradi

Amsa: Ina ma haka ne, Malam. Ungulun gari ba ta irin wannan ƙaura, ƙarewa take yi. A 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke gab da ɓacewa a duniya. Mushe guda da aka barbaɗa wa guba don kare ko dila yana kashe gommai a yini ɗaya, ga masu kama ta suna sayar da kai da ƙafafu don tsibbu, ga sare manyan itatuwan da take sheƙa. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, don haka abin da aka kashe a wata guda sai a yi shekaru ba a mayar ba. Inda ta ɓace, mushe na daɗewa a fili, karnukan sake su yawaita. Dokar farauta mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta hana farauta ba lasisi, ta hana amfani da guba.

Yanzu ne lokacin sheƙarta, daga kaka zuwa bazara, bisa dogayen itatuwa. In kun san wani itace da take kwanci, ku gaya wa maigari da ma'aikatan gandun daji, a hana hawa da sassabe har ɗan ya tashi. Dabbar da ta mutu bayan an yi mata allura ko ta ci guba, a binne ta da zurfi. Kuma tunda kullum kuna wurin, ku ne kuka fi kowa iya ƙidayarta. Da sanyi ba ta tashi da wuri, don haka ku zaɓi rana ɗaya a wata, tsakanin ƙarfe 10 da 12, ku ƙirga na ƙasa da na bisa rufi da na sama, ku rubuta da kwanan wata. Ranar da ba ku ga ko ɗaya ba, ita ma a rubuta sifiri.